Wa Zai Goya Tsohuwa? Tsokaci a Kan Tsufa da Haƙƙin Iyaye a Wasu Littattafai da Finafinan Japan

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1944, yayin da Yaƙin Duniya na Biyu yake kan ganiyarsa, gwamnatin Amurka ta ɗora wa Ruth Benedict, wata masaniyar al'adun al'umma, aikin bayyana halayen mutanen Japan. Benedict ba ta taɓa taka ƙasar ba, ba ta jin harshenta, ga shi kuma yaƙi ya toshe hanya. Saboda haka sai ta dogara da abin da hannunta ya iya kaiwa gare shi, wato rubuce-rubucen da aka fassara, da hira da Japanawa mazauna Amurka, da kuma finafinan Japan waɗanda takan kalla tare da mutanen da suka tashi a can suna yi mata fashin baƙi. Daga wannan aiki ne littafinta The Chrysanthemum and the Sword ya fito a 1946, aka kuma fassara shi zuwa Japananci a 1948. Har yau duk mai son sanin Japan daga nesa sawun Benedict yake bi, ko ya san da ita ko bai sani ba, domin littafi da fim su ne tagar da yake leƙawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki fanni guda daga cikin bayanan Benedict, wato haƙƙin iyaye a kan 'ya'ya, ta auna shi da abin da Japanawa da kansu suka rubuta ko suka shirya bayan yaƙin. Ayyukan da za a duba su ne fim ɗin Ozu Yasujiro mai suna Tokyo Monogatari (1953), da ƙagaggen labarin Fukazawa Shichiro mai suna Narayama Bushiko (1956), da na Ariyoshi Sawako mai suna Kokotsu no Hito (1972), sai kuma ɗan leƙe a kan fim ɗin Plan 75 (2022). Za a ga cewa a cikin waɗannan ayyuka, wanda aka ce bashin iyaye yana wuyansa ba kasafai yake biya ba. Masu biyan mutum biyu ne: tsohon da kan janye jikinsa don kada ya zame wa kowa kaya, da matar ɗa wadda ba ta haɗa jini da gidan ba.

2.0 Bashin da Ba Ya Biyuwa

Benedict ta kalli zamantakewar Japanawa tamkar littafin bashi. Kalmar da ta gina bayaninta a kai ita ce on, wato alherin da mutum yake karɓa daga na gaba da shi, wanda kuma yake zame masa nauyi. Ta raba biyan wannan nauyi gida biyu. Akwai wanda ba shi da iyaka, ba ya kuma ƙarewa, kamar ko, wato biyayya ga mahaifa. Akwai kuma giri, wanda akan biya daidai gwargwadon abin da aka karɓa, kuma a cikinsa ne ta sanya haƙƙin surukai. Harshen ma ya goyi bayanta a nan, domin uban miji ko uban mata a Japananci “uba na giri” ake ce masa. Bisa wannan lissafi ke nan, ɗa shi ne mai babban bashi, matar ɗa kuwa nata ƙayyadadde ne.

Tun a 1950 wasu masanan Japan suka yi wa littafin raddi. Watsuji Tetsuro, alal misali, ya yi ƙorafin cewa Benedict ta ɗauki aƙidar sojojin zamanin yaƙi ta jingina wa al'umma baki ɗaya. Amma akwai wata matsala da ta fi shafar wannan nazari. Tsarin gidan da ta siffanta, wanda ake kira ie, doka ce ta 1898 ta shimfiɗa shi a kan kowa da kowa: ta ba maigida iko a kan auren 'yan gidansa, ta kuma ba babban ɗa gadon gida tare da nauyin riƙon iyaye. Shekara guda bayan fitowar littafin, sabon tsarin mulkin 1947 da gyaran dokar iyali da ya biyo bayansa suka rushe wannan tsari, aka daidaita rabon gado tsakanin 'ya'ya. Da aka raba gadon, sai tambaya ta taso a kan wanda zai ɗauki nauyin. Dukkan ayyukan da za a tattauna bayan wannan sauyi aka samar da su.

3.0 Tokyo Monogatari: Baƙunci a Gidan 'Ya'ya

Labarin fim ɗin ba shi da sarƙaƙiya. Tsoho Shukichi da matarsa Tomi sun tashi daga Onomichi, wani gari na bakin teku a jihar Hiroshima, don su ziyarci 'ya'yansu a Tokyo. Babban ɗansu Koichi likitan unguwa ne, 'yarsu Shige kuma tana da shagon gyaran gashi. An tarbe su da fara'a, amma babu mai sukunin zama da su. Ranar da Koichi ya shirya fita da su sai aka kira shi duba wani yaro mara lafiya. Daga ƙarshe wa da ƙanwa suka haɗa kuɗi suka tura iyayen Atami, garin da ake zuwa wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi, inda hayaniyar matasa ta hana tsofaffin barci. Wadda ta nemi hutu a wurin aikinta ta zagaya da su gari ita ce Noriko, matar ɗansu Shoji da ya tafi yaƙi bai dawo ba shekara takwas ke nan. A ɗakinta ɗaya tilo ta sauke su, har sai da ta aro abin sha a wurin maƙwabciya. Tomi ta kwanta ciwo a hanyar komawa, ta rasu a Onomichi. Bayan jana'iza kowa ya kama hanya, Noriko ce ta ƙara kwanaki.

Mai kallo na nesa yakan yi saurin yanke hukunci cewa 'ya'yan marasa kirki ne. Ozu da abokin rubutunsa Noda Kogo ba su ba da wannan dama cikin sauƙi ba. Gidan Koichi ƙarami ne, sai da aka kawar da teburin karatun ɗansa kafin a sami wurin shimfiɗa wa baƙi. Yaron da aka kira shi dubawa kuma da gaske ba shi da lafiya. Shige ce kaɗai aka ba halin da ke sosa rai: ta hana mijinta saya wa iyayenta ƙwalam mai tsada, ta ce wa wata mai gyaran gashi baƙin wasu sanannu ne daga ƙauye, ta tafi duba mahaifiyarta da tufafin makoki a jaka, sannan ana gama jana'iza ta nemi a ba ta wasu kayan mamaciyar. Duk da haka ita ce ta fara fashewa da kuka da aka ce babu sauran fata, kuma Sugimura Haruko ta taka rawar ta yadda ba a shakkar kukan. Da auta Kyoko ta yi tir da yayyenta, Noriko ce ta kare su, ta nuna mata cewa kowa da rayuwar da ta sha masa kai, ita ma wata rana haka za ta zama.

Abin da fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ba ta iya ɗaukowa shi ne bambancin harshe. Tsofaffin suna magana da karin harshen yankinsu, manyan 'ya'yan kuwa sun koma harshen Tokyo, ta yadda kunne yana jin tazarar tun kafin ido ya gan ta. Bugu da ƙari, Japananci yana da siffofin aikatau na girmamawa da na ƙanƙan da kai. Shige tana yi wa iyayenta magana gatsal, irin ta 'yar gida. Noriko kuwa ba ta sauka daga harshen girmamawa, murmushi kuma ba ya barin fuskarta. Wanda bai san harshen ba zai ɗauka ladabin nan ƙauna ce zalla, alhali yana ɗauke da wata ma'ana ta biyu: haka ake yi wa wanda ba naka ba magana. Shukichi da kansa ya tabbatar da haka a ƙarshe, lokacin da yake gode mata yana ba ta agogon marigayiya. Kalmar da ya siffanta ta da ita ita ce tanin, wato bare, yana mamakin yadda bare ta fi 'ya'yan cikinsa kyautata musu. A nan ne lissafin Benedict ya kife. Mai ƙayyadadden bashi ita ce ta biya fiye da kima, bayan ma igiyar da ta ɗaure ta da gidan ta riga ta tsinke.

Noriko ba ta karɓi yabon ba. Ta kira kanta da kalmar zurui, wadda ke iya nufin mai wayo ko mai son kai, ta furta cewa kwanaki sukan wuce ba ta tuna mijinta ba, kuma tana jin tsoron zaman kaɗaici. Wannan fitowa ita ce zuciyar fim ɗin, domin ta hana a mayar da Noriko gunkin mace ta gari. Alherinta yana da gaskiya, amma yana kuma cike wani gurbi a rayuwar da yaƙi ya bari fayau. Hara Setsuko ta rufe fuska da tafukanta ta yi kuka, murmushin da aka saba gani tun farkon fim ya rushe.

Akwai abin lura ga duk wanda zai bayyana wannan fim da Hausa. Tun da Benedict ta laƙaba wa Japan sunan al'umma mai al'adar haji, kalmar da aka saba fassarawa da kunya, sai a ɗauka halin tsofaffin nan kunya ce. Fassarar ba ta zauna daidai ba. Abin da suke yi shi ne enryo, wato mutum ya danne bukatarsa don gudun meiwaku, ɗawainiyar da zai jawo wa wani. Kalmomin da suka fi kusa da wannan su ne kara da kawaici. A Atami, suna zaune a bakin teku bayan daren da ba su runtsa ba, babu wanda ya ce an wulaƙanta su. Cewa suka yi sun ga gari, lokacin komawa gida ya yi. Sau ɗaya Shukichi ya amsa cewa ya zaci babban ɗansa ya fi haka ɗaukaka, shi ma a cikin maye ne tare da tsofaffin abokansa. Sai dai kara a wurin Bahaushe abu ne da ake sa ran a rama, wanda aka yi wa ya gane ya mayar. A fim ɗin Ozu karar ta tafi hanya ɗaya: 'ya'yan sun ɗauki shirun iyayensu a matsayin gamsuwa.

Salon ɗaukar hoton ma kawaicin yake yi. Kyamara tana zaune ƙasa-ƙasa, kusa da tsayin mai zaune a tabarma, kuma da ƙyar take motsawa. Ba a nuna tafiyar jirgin ƙasa zuwa Tokyo ba, ba a nuna lokacin da ciwo ya kama Tomi ba, ba a nuna fitar ranta ba. Ana jin labarin manyan al'amura ne daga bakin mutane bayan sun auku. Wannan salo ne ya sa aka daɗe ana ganin finafinan Ozu ba za su karɓu a waje ba, wai Japanancinsu ya yi yawa. Sai a 1972 aka saki wannan fim a gidajen silima na New York, shekara tara bayan rasuwarsa. Abin mamaki shi ne tushen labarin yana da alaƙa da wani fim na Amurka, Make Way for Tomorrow (1937) na Leo McCarey, wanda Noda ya taɓa kallo. Wannan kaɗai ya isa ya sa manazarci ya yi hattara kafin ya kira duk abin da ya gani a fim ɗin “halin Japanawa”.

4.0 Narayama Bushiko: Tatsuniyar da Ake Ɗauka Tarihi

Fukazawa makaɗin gita ne a wani gidan rawa na Tokyo lokacin da wannan labari nasa ya ci gasar sababbin marubuta ta mujallar Chuo Koron a 1956. Ya kafa labarin a wani ƙauyen duwatsu mai fama da yunwa, inda duk wanda ya kai shekara 70 ɗansa yake goya shi ya kai shi dutsen Narayama ya baro shi. Tauraruwar, Orin, tana da shekara 69 kuma ɗokin tafiyar take yi. Haƙoranta da ba su zube ba sun zame mata abin gori, domin alama ce ta mai ci da yawa, don haka ta fasa su da dutse. Kafin ta tafi sai da ta ga ɗanta Tatsuhei ya sami sabuwar mata, ta kuma nuna wa matar wurin da take kamun kifi a ɓoye. A kan dutsen doka ta hana magana, ta hana waiwaye. Tatsuhei ya karya duka biyun: da dusar ƙanƙara ta fara sauka, abin da ake ɗauka sa'a ce ga mai tafiya, ya koma da gudu don ya shaida wa uwarsa, ita kuwa ta kore shi da hannu.

An mayar da labarin fim sau biyu. Kinoshita Keisuke (1958) ya shirya nasa a cikin ɗakin ɗaukar hoto bisa salon wasan kabuki, da labule da mai ba da labari, don kada a manta ƙage ne. Imamura Shohei (1983) ya fita daji ya ɗauki nasa cikin laka da dabbobi, ya kuma ci babbar kyautar bikin Cannes a Faransa. Na Imamura ya fi ƙarfi a ido, amma ya fi saurin ɓatar da baƙo, domin kamarsa da gaskiya takan sa a zaci tarihi ake nunawa. Labarin yar da tsohuwa, ubasute, tsoho ne a adabin Japan, yana cikin Yamato Monogatari na ƙarni na 10, har akwai dutse a jihar Nagano da ake kira da sunan. Amma masana ba su sami tabbatacciyar shaida cewa an taɓa yin sa a matsayin al'ada gama-gari ba. Kinoshita ya rufe fim ɗinsa da hoton jirgin ƙasa na zamani a tashar da ke ɗauke da wannan suna, wato ya mayar da tambayar ga masu kallo na 1958.

A zahiri a nan ɗa ya biya bashi, tun da shi ya yi goyon. Sai dai abin da ya biya shi ne kai uwarsa ga mutuwa, kuma ita ce ta matsa masa. Orin ita ce kawaicin Shukichi da Tomi idan aka ja shi zuwa iyakarsa. Fukazawa ya ajiye mata kishiya a labarin, wani tsoho maƙwabci da ya ƙi tafiya, ɗansa ya ɗaure shi ya jefa shi kwazazzabo. Mai karatu yakan so Orin ya ƙyamaci tsoron maƙwabcin, kuma a nan haɗarin littafin yake: yana iya koyar da cewa tsohon kirki shi ne wanda ya san lokacin kaucewa.

5.0 Daga Matar Ɗa Zuwa Baƙuwar Ma'aikaciya

Kalmar yome, matar ɗa, ana rubuta ta da alamu biyu a haɗe, ta mace da ta gida. Ariyoshi ce ta ɗauki abin da Ozu ya nuna cikin ladabi ta baje shi a fili. A Kokotsu no Hito, Akiko ma'aikaciya ce a ofishin lauyoyi. Uwar mijinta ta mutu kwatsam, sai aka gano uban mijin, Shigezo, gigin tsufa ya kama shi. Mutumin da ya yi shekaru yana muzanta ta, yanzu ita kaɗai yake nema. Ɗansa Nobutoshi kuwa har ɓarawo yakan ɗauke shi. Ita ke tashi da shi cikin dare, ita ke yi masa wanka, ita ke share ƙazantarsa. Mijin yana kallon mahaifinsa yana hango tasa makomar, sai ya ja jiki. Da Akiko ta nemi taimakon hukuma, amsar da ta samu ita ce babu gurbin da ya dace da irinsa, gara uwargida ta daure. Ga mai karatu Bahaushe wannan wuri yana da nauyi na daban, domin kunyar da ke tsakanin mace da uban mijinta ta nisanta ce, ko sunansa ba ta faɗa. Kalmar suruka ba za ta isar da abin da yome take ɗauke da shi ba.

Ta fuskar fasaha littafin bai kai fim ɗin Ozu ba. Wasu shafukansa sun fi kama da rahoton jin daɗin jama'a, kuma sauyin zuciyar Akiko, inda ta ƙudurta raya tsohon iya ƙarfinta bayan ya tsallake wata rashin lafiya, yana iya zama wa masu son a bar nauyin a kan mata hujja. Amma tasirinsa ya wuce na sauran. An sayar da fiye da kwafi miliyan 1, sunansa ya zama kalmar da jama'a ke kiran masu gigin tsufa da ita, aka kuma mayar da shi fim a 1973. Ya fito a kan gaɓa, domin a 1970 ne masu shekara 65 zuwa sama suka haura kashi 7 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Adadin ya kai kashi 14 a 1994, ya kuma kai wajen kashi 29 a 2023. Inshorar kula da tsofaffi ta fara aiki a shekarar 2000. Matar ɗa kuwa ba ta cikin magada a dokar Japan, kuma sai a 2019 gyaran doka ya ba irin su Akiko damar neman wani abu daga magada saboda jinyar da suka yi, shekara 47 bayan fitowar littafin.

Hayakawa Chie ta dawo da dutsen Narayama cikin birni a Plan 75. A ƙagaggiyar Japan ta fim ɗin, gwamnati ta ba duk wanda ya kai shekara 75 zaɓin a kawo ƙarshen rayuwarsa, tare da kyautar yen 100,000. Ba a tilasta wa kowa. Ana dai yi masa bayani cikin harshen girmamawa irin na Noriko. Michi, wadda Baisho Chieko ta fito a matsayinta, tana da shekara 78, ta rasa aikinta na shara a otal, an ƙi ba ta hayar ɗaki, ba ta da ɗan da zai goya ta balle matar ɗa. Da ƙafarta ta je ta sa hannu. Wadda ke tantance tabarau da agogunan mamatan a wurin ita ce Maria, ma'aikaciyar jinya daga Filifin, ƙasar da Japan ta fara karɓar masu kula da tsofaffi daga cikinta bisa yarjejeniya a 2009. Maria ta karɓi aikin ne domin albashinsa ya fi na gidan tsofaffi, tana tara kuɗin yi wa 'yarta aikin zuciya, yarinyar da ta baro a gida.